Kunnen ɗiyar fari

Yayata Saude ta rasu a Nahuce shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau. Ni ce Luba, mai bi mata, uwa ɗaya uba ɗaya. In ka zaga ƙauyukan Bunguɗu ka tambayi mata wa ya gyara musu kunne suna yara, da yawa za su ce maka Saude mai kunne, su bi ta da addu'a. Ni ma ina yi mata, Allah ya jiƙanta. Amma akwai kunne ɗaya da in hira ta biyo ta kansa nake jin fuskata ta yi nauyi har yau, kuma tunda an ce in faɗi yadda ta rayu, ba zan tsallake shi ba.

A wurin kakarmu ta koyi sana'ar, a Bunguɗu, tun kafin Turawa su zauna da gindinsu a ƙasar nan. Mu biyu tsohuwar ta zaunar, ni na tsere, don ba na jure kukan jarirai, ga hannuna da rawa. Saude kuwa ta zauna daram. Ita huda ba wani abin a zo a gani ba ce. Allura ce da baƙin zare, a soka a ja a ƙulle, kowace tsohuwa a kowane gida ta iya. Abin da ya fitar da sunan Saude shi ne abin da kan biyo bayan hudar, wato kunne ya yi ja ya ɗauki zafi, ya fara ruwa, sai ka ga ɗan ƙululu ya tsiro a bakin hujin kamar ƙwayar dawa. Nan ne hankalin iyaye mata ke tashi, su saɓo ɗiyansu su nufo ta.

Na sha kallonta tana aikin har na haddace shi, ko da yake haddacewa daban iyawa daban. In an yi gaggawar sa wa yarinya ɗan kunnen ƙarfe, shi take fara zarewa, ta maye gurbinsa da tsinken gamba da ta kankare ya yi sumul. Ta wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, sai ta ɗanɗana da harshenta tukuna, in ya fi gishirin miya ta ƙara ruwa. In kunnen yana zubar da mugunya ta bi shi da ruwan bagaruwa. Daga nan ta kwantar da kan yarinyar bisa cinyarta, ta lakato man kaɗe da ta ɗumama a kasko, ta riƙe ƙululun tsakanin babban yatsa da manuni ta danna a hankali. Ba ta murzawa, dannawa kawai take, tana jan yarinyar da hira har ta manta da zafin. Safe da maraice ake yi, sai ya baje. Tana da hane-hane kuma, tana faɗinsu da faɗa-faɗa: kada a juya tsinken, kada a ɓamɓare ɓawon da ya bushe, kada a kwana a kan kunnen, kada mai kitso ta ja wurin. Aska kuwa ko kusa. Takan ce ƙululu muddin yana da taushi yana jin hannu, in ya ƙanƙare kuma sai dai a zauna da shi, in aka yanke shi ya dawo da fushi.

An kai ta Nahuce gidan Muhammad Sani, manomi ne mai shiru-shiru, irin mutanen da in sun ce maka sannu sun gama maganar yini. Uwarsa, wadda kowa ke ce wa Iya, ita ke riƙe da gidan. Haihuwar farin Saude mace ce, ta zo ran Alhamis, aka yi ta kiranta Lami. To kowa ya san yadda ake yi da ɗiyar fari. Uwa ba ta faɗin sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu ko ta ci ko ba ta ci ba. Da haka aka tashe mu, ni ma na yi wa nawa, ban ce ni ta dabam ce ba. Sai dai ta Saude ta wuce ta kowa, kuma akwai abin da ya jawo.

Tana sabuwar mai jego, ba ta daɗe da komawa ɗakinta ba, wata rana da hantsi ta zaci gidan ba kowa. Ta ɗauki jaririyar tana cilla ta sama tana cafewa, tana sunsunar wuyanta, tana kiran sunan da bakinta. Ashe wata maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta, ta tsaya ta sha kallo. Kafin azahar labari ya kai bakin rijiya, an ƙara masa gishiri. Aka yi ta tsokanarta, in ta wuce a ce ga mai ɗiya nan, wai ita kaɗai ta taɓa haihuwa a Nahuce. Maganar ta kai kunnen Iya. Ranar da aka yaye Lami sai Iya ta ɗauke ta da 'yan tsummokaranta ta kai ɗakinta, shi ke nan. Saude ta ji kunyar abin nan har cikin ƙashinta, ta ɗaure wa kanta abin da ba wanda ya ɗaura mata. In za ta ambaci yarinyar sai ta ce "ta ɗakin Iya". In sun haɗu a tsakar gida ta kau da kai. Har ta kai ana ba amare misali da ita, a ce in kina son ki ga alkunya je ki Nahuce ki ga Saude. Ta haifi maza bayan Lami, waɗannan ta goya su ta ɗura musu kunu ta dake su yadda ta ga dama.

Shekarar da ta biyo bayan yunwar Kakalaba Allah ya ba da damina mai kyau, rumbuna suka cika, mutane suka tuna da kwalliya. Lokacin Lami ta tasa, tana kai wa masu aikin gona abinci ita kaɗai. 'Yan matan Fulani da ke kawo nono daga wajen Tsafe suna da huji jere a gefen kunne har sama, kowanne da zobensa na tagulla, in suka juya kai sai ƙyalli. Lami da ƙawayenta suka ga abin ya yi musu. Ba su tambayi kowa ba, suka tafi gindin tsamiya bayan gari suka huda wa juna saman kunne da ƙayar aduwa, can wurin guringuntsi, suka zura zobban da wani ɗan koli ya kawo daga Gusau tun jinin bai tsaya ba. Kafin kasuwa ta zagayo kunnuwan duk sun kumbura.

Iyaye suka yi faɗansu suka gaji, sannan kowacce ta jawo tata zuwa wurin Saude. A wannan kwanakin ne na zo daga Bunguɗu, inda nake aure, don in kai mata daddawa. Na tarar da ƙofar ɗakinta cike da 'yan mata, kowacce da tsinke a kunne tana jiran a zo kanta, Saude na zaune a tabarma da kan wata a cinya. Can ɗaya gefen tsakar gidan, a bakin ƙofar Iya, ga Lami zaune ita kaɗai, ta karkatar da kai gefe ɗaya tana kallonsu. Na je na ɗaga kallabinta. Kunnen dama ya yi jawur, zoben ya nutse cikin nama, a bayansa ga ƙululu nan, na taɓa shi na ji taushi.

Raina ya ɓaci. Na jira mutane suka watse, na bi Saude ɗaki na tambaye ta ko makancewa ta yi. Ta ce ta gani. Ta ce tun ranar farko ta gani, daga yadda yarinyar ke ɗora tulu a ka tana kare gefe ɗaya. Ta ce zoben ne ke cin ta, in aka cire shi yanzu aka bi da hannu zai baje. Na ce to me take jira. Ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma, ta ce in rufa mata asiri, ta yaya za ta ƙetare tsakar gida ta kama kunnen ɗiyar fari ana kallo, kuma a ɗakin surukarta. Ta ɗauko ɗan ƙoƙo ta cika da man kaɗe, ta zaɓi tsinke mafi laushi cikin nata, ta karanta mini yadda za a yi kamar ban taɓa gani ba, ta ce in kai wa Iya, amma kada in ce daga ita ne.

Sai ka ce Iya yarinya ce. Tana ganin ƙoƙon ta san ɗakin da ya fito. Kada a ɗauka muguwar mata ce, wallahi tana son Lami kamar ranta, ita ke tauna mata goro a sallah, ita ke hana a aike ta cikin rana. Son ne ma ya yi yawa. Kullum sai ta dirje kunnen da soso da ruwan kanwa wai don ya fita tas, ta kama zoben ta juya shi wai kada ya manne, Lami na hawaye Iya na ba ta haƙuri. Na lallaɓa na ce Iya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, da za a cire zoben nan a daina dirzawa. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ta raini 'ya'ya tun ba a haifi uwata ba, ba a Bunguɗu za a zo a koya mata riƙon ɗa ba. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida.

"In mai ɗiya tana da magana, ta zo ta faɗa da bakinta."

Ta san abin da ta yi. Na fito na tsaya ina kallon ɗakin Saude, sauran matan gidan ma suka bar abin da suke yi. Sai ga ta ta fito. Murna ta kama ni, na ce yau za a yi ta ta ƙare. Ta taho har wurin turmi, daidai tsakiyar gida. Nan ta ɗaga ido ta ga idanu a kanta, wata har ta fara murmushi tana zungurar 'yar uwarta. Saude ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauki wani faifai da ke jingine da turmin, ta kaɗe shi kamar shi ta fito nema, ta juya ta koma ɗaki. Ni da nake tsaye sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin in tafi na tare mijinta a zaure. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa, ya ce wannan sha'anin mata ne, kuma shi ma ai ɗiyar farinsa ce. Na koma Bunguɗu ina ta masifa ni kaɗai a hanya, har wani mai jaki ya tambaye ni ko lafiya.

Ƙawayen Lami duk suka warke, ɗaya bayan ɗaya, har suka mayar da zobbansu suna yanga. Nata kuwa ya ci gaba da girma har ya kai gujjiya. Da Iya ta ga abin ya fi ƙarfin soso sai ta aika aka kira Dogo wanzami. Dogo ya iya aski ya iya ƙaho, ba na ci masa mutunci, amma kunne ba nasa ba ne. Ya fara ɗaure gindin ƙululun da gashin wutsiyar doki wai ya bushe ya faɗi don kansa. Bai faɗi ba, sai ruɓewa da ya fara. Sai ya ce a kawo yarinyar zaure ya sa aska. An gaya mini cewa da Saude ta ga ya shigo da zabirarsa, ta ɗauki tulu ta nufi rafi, alhali randunanta cike suke. Ba ta dawo ba sai da rana ta karkata, kuma tulun ba ruwa a ciki.

Wurin ya warke kamar abin kirki, Iya ta yi ta sa wa Dogo albarka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kafin a gama girbin dawa abin ya dawo, ya fi na da, ya yi baƙi yana sheƙi, ya kai girman goro har ya rinjayi kunnen ya lanƙwasa shi ƙasa. Lami ta koma ɗaura kallabi har wuya ko ana zafi. Yara ba su da ta ido, suka sa mata mai kunne uku. Ta daina fita wasa, in aka aike ta sai ta bi bayan gidaje. Saude kuwa ta ci gaba da aikinta, ana zuwa mata daga Mada da Ruwan Ɓore, sai dai ta rame, kuma faɗan nan da take yi wa iyaye mata ta daina shi ɗungurum. Na lura in wata ta yaba hannunta sai ta yi sauri ta kawo wata maganar.

Da rani ya tsaya na sake zuwa. Ranar muna zaune a inuwar ɗakin Saude sai ga wata Bafillatana, Hauwa'u sunanta, ta taho tun daga rugarsu ta bayan Tsafe da ɗiyarta mai ciwon kunne. Ba ta san kowa a gidan ba, suna kawai ta ji ta biyo. Iya na zaune a ƙofarta tana kaɗi, ta ce wa Lami ta kai wa baƙuwa ruwa. Lami ta kawo ta durƙusa, garin miƙa ƙwaryar kallabin ya zame. Kafin ta gyara matar ta riƙe mata hannu, ta juya kanta ta duba da kyau, ta yi salati. Ta waiwayo wurin Saude da ke wanke kunnen baƙuwar yarinyar, ta ce ita ta yi tafiyar yini don wannan hannu, ga wata a cikin gida an bar ta ta lalace. Sannan ta tambaya, da zuciya ɗaya, ba da nufin komai ba.

"Wannan ɗiyar wa ce? Uwarta ta mutu ne?"

Mazarin Iya ya tsaya.  Lami ce ta amsa, idonta a kan ƙwaryar ruwan, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tana nan da ranta."

Matar ta dubi Lami, ta dubi Saude, ta ga kamar da ke tsakaninsu, sai ta kama bakinta da hannu. Su Fulani da suka fi mu riƙon wannan al'ada, nan take ta gane inda ta taka. Ta fara ba da haƙuri, Saude ba ta ko ɗago ba. Ta ƙarasa wanke kunnen baƙuwar yarinya, ta sa mata tsinke. Ta wanke hannun, ta sake ɗora kaskon mai a kan garwashi. Lami ta riga ta ɗauki ƙwarya ta kama hanyar ɗakin Iya.

"Lami. Zo nan."

Yarinyar ta tsaya ta waiwaya bayanta, ta zaci wata Lamin ce ta shigo. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Sai da Saude ta buga cinyarta da tafin hannu, yadda take yi wa 'ya'yan mutane, sannan ta taho a hankali kamar mai tsoron duka, ta kwanta ta ɗora kai. Saude ta zare kallabin gaba ɗaya a gaban Iya da baƙuwa da matan gida, ta lakato mai ta kama kunnen. Na ga ta runtse ido lokacin da yatsunta suka sauka a kan abin. Ta ci gaba da dannawa. Iya ta tattara audugarta ta shige ɗaki ta saki asabari.

Kada ka zaci daga nan aka yi ta sa mata albarka. Nahuce ta rabu biyu, kuma duka ɓangarorin ita suke ci. Wasu suka ce ashe duk alkunyar nan ta ganin ido ce, ga ta nan ta rungume ɗiyar fari a gaban suruka, girma ya faɗi. Wasu suka ce ai ihu ne bayan hari, ina take lokacin da abin yake ƙwayar dawa, mace ta gyara kunnen duniya ta bar na cikinta. Na farkon ban damu da su ba, na ma tanka wa biyu a bakin rijiya har sai da aka raba mu. Na biyun ne suka fi ciwo, don gaskiya suka faɗa, ni kaina ba ni da amsar da zan ba su. Iya ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Saude da baki ba, sai dai ta gyaɗa kai. Saude ta koma ɗibar ruwa da tsakar rana, lokacin da ba kowa a rijiya.

Amma ba ta fasa ba. Kullum da safe in ta gama dama kunu, da maraice in rana ta yi sanyi, za ta ɗora kasko ta kira sunan, Lami ta taho ta kwanta. Da fari shiru suke yi, ba su san abin da za su ce wa juna ba. Daga baya na ji suna 'yar hira, Saude na tambayarta abubuwan da kowace uwa ta sani game da ɗiyarta, wace miya ta fi so, me ya sa take tsoron shanu. Haka rani ya wuce, damina ta shigo, aka yi shuka aka yi noman fari.

Wata zuwa da na yi, Lami ta ce in yi mata kitso. Ina raba gashin na kai hannu na taɓa abin da kyau, na matsa shi. Dutse. Bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Ni da ban iya sana'ar ba ma na san wannan ya wuce jin hannu. Na gama kitson na sami Saude a madafa tana tankaɗe, na ce mata wa take ruɗi, kanta ko yarinyar. Ta ce tun ranar da ta fara taɓa shi ta san ya ƙanƙare, ko shekara goma za ta yi tana dannawa ba zai baje ba. Na ce to man da take ƙonawa fa. Ta ajiye rariyar, ta goge ido da gefen zane, ta ce wannan ne kaɗai abin da ta iya yi mata, kuma in aka daina, da wane dalili za ta ƙara kiranta. Ta roƙe ni don Allah kada in gaya wa yarinyar, a bar ta da sa ranta.

Ni dai ban yarda ba. A ganina an cuci yarinyar nan sau ɗaya da shiru, bai kamata a ƙara cutarta da wani shirun ba. Tana nan tana ɗaukar kanta kullum tana kaiwa, tana jiran ranar da za ta cire kallabi ta shiga cikin ƙawayenta. Na ce gara ta ji daga bakina ta yi kukanta ta haƙura. Da la'asar na ce ta raka ni gona in tsinko yakuwa. Muna tafe tsakanin kunyoyin gero, ina ta juya maganar a baki, har na samu na ce mata Lami, kin san wani ciwon Allah kan bar wa bawa shi ne, ba don mai magani ya gaza ba. Ban kai ƙarshe ba ta tsaya. Ta waiga ta tabbata ba kowa a bayanmu.

"Inna Luba, na sani. Ai kunnena ne, kullum ina taɓa shi. Ba ya raguwa." Ta gyara kallabinta ta rufe wurin. "Don Allah kada ki gaya mata. Ita tana ganin yana bajewa. In ta gane za ta daina kirana."

 Kunya ta kama ni a gaban yarinyar nan, kunyar mu duka manyan da muka tsaya muna kallo har sai da ta kai ga sayen cinyar uwarta da ciwo. Na ce mata ba zan faɗa ba. Muka tsinko yakuwar muka koma gida. Muna shiga na hangi hayaƙi a ƙofar ɗakin Saude, ta riga ta ɗora kaskon tana shimfiɗa tabarma. Lami ta miƙo mini kwandon yakuwar ta wuce da sauri tun ba a kira ta ba.

Ban gaya wa ko ɗaya abin da ɗayar ta ce ba. Suka ci gaba da abinsu safe da maraice har shekarar da aka kai Lami ɗakin mijinta a Mada, da ƙululunta yadda yake.